Yadda Ake Hana Igiyar Talala Zamewa a Farautar Sirdi

A jihohin Amurka irin su Michigan da Pennsylvania da Wisconsin, mafarautan barewa mai farar wutsiya da yawa ba sa bin sawu a ƙasa. Itace suke hawa, su yi sama kamar ƙafa 15 zuwa 25, su laɓe su jira nama ya biyo ta ƙarƙashinsu. Abin da aka saba shi ne kujerar ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin itacen a zauna a kai. Yanzu wata dabara ta samu karɓuwa sosai, wadda suke kira farautar sirdi: mutum ya ɗaura wani ɗan abin zama na yadi mai ƙwari a ƙugunsa, wato sirdin, ya taka ɗan ƙaramin dandamali da ya maƙala a itacen, ya fuskanci itacen, ya jingina baya a cikin iska. Ba sabon abu ba ne, domin John Eberhart na jihar Michigan ya shafe shekaru da dama yana farauta a haka yana kuma koyarwa. Amma sai a 'yan shekarun nan, bayan kamfanoni irin su Tethrd sun fito da kaya marasa nauyi, abin ya game ƙasar.

Duk wannan jingina a kan igiya ɗaya take. Ita ce igiyar talala, mai tsawon kamar ƙafa 8, da hanci a baki ɗaya. Za ka zagaya itace da ita, ka zura ɗaya bakin ta cikin hancin ta zama zarge, sannan ka haɗa ta da igiyar gaban sirdinka da ƙugiya mai makulli. Kukan da sababbin shiga suka fi yi shi ne igiyar tana zamewa. Wanda bai taɓa jin ta sulale da shi taku ɗaya ba yana sama da rufin gida, ba zai san yadda hanjin mutum ke kaɗawa ba.

Gane wace zamewa ce tukuna

Abu biyu daban ake kira zamewa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Na farko, zargen da kansa ne yake sulalowa ƙasa a jikin itace. Ka ɗaura shi daidai goshinka, ka juya ka ɗauki baka, ka waigo ka tarar da shi a cibiyarka. Na biyu, zargen yana nan daram inda ka sa shi, amma abin da ke riƙe ka a jikin igiyar, ƙulli ne ko 'yar na'ura, shi ne yake tafiya da kai a hankali, sai ka ga kana ta nisa da itacen ba tare da ka taɓa komai ba.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakaninsu. Zarge yakan sauko ne lokacin da babu nauyi a kansa. Ƙulli kuwa yakan zame ne lokacin da nauyinka ke kansa. Don haka ka tambayi kanka: a tsaye nake da igiya sako-sako abin ya faru, ko a jingine? Amsar ita za ta nuna maka inda za ka duba. Idan kana shakka, yi alama da alli a ɓawon itace daidai zargen, ka yi wata a jikin igiyar daidai ƙullin, kana ƙasa ba a saman itace ba, ka jingina na ɗan lokaci, ka miƙe, ka sake jingina. Wadda ta gusa za ta tona kanta.

Mataki na 1: Itacen da ka zaɓa

Rabin matsalar a nan take farawa. Itace mai ɓawo mai kaushi da tsage-tsage, irin su oak, yana kama igiya da kansa. Masu sulɓin jiki, irin su beech da aspen da birch da ƙananan maple, ba su da abin da igiya za ta maƙale a kai, balle an yi ruwa ko raɓa ta kwanta. Wanda yake son gwada hannunsa a nan gida zai ga bambancin idan ya ɗaura a maɗaci ko tsohuwar darbejiya, sannan ya ɗaura a itacen turare.

Akwai kuma ɓawo mai yaudara, wanda yake da kaushi a ido amma a ɓanɓare yake, yana jira a taɓa shi ya zube. Zarge zai kama shi da kyau, sai ɓawon ya taho da igiyar gaba ɗaya. Kafin ka ɗaura, shafa wurin da tafin hannu, ka kaɗe duk abin da ke neman faɗuwa.

Ka lura da tsayuwar itacen. Wanda ya karkata zai riƙa jan ka zuwa gefen da ya kwanta, kuma wannan jan na gefe yana juya zarge a hankali. Kauri ma yana da nasa: itace mai kaurin da ya cinye yawancin igiyar ba zai bar maka wutsiyar da za ka yi aiki da ita ba, balle ka yi naɗi biyu.

Mataccen itace kuwa ba a maganarsa. A yankin Michigan da kewaye, wani ƙwaro da aka gano a 2002 ya kashe itatuwan ash masu ɗimbin yawa, suna nan tsaye a daji kamar lafiyayyu, musamman a lokacin da ganye ya riga ya zube daga kowane itace. Ɗaga kai ka dubi rassa da rana kafin ranar farauta, ba da asuba a cikin duhu ba.

Idan ka samu reshe mai rai ko wani ƙullutu a daidai tsayin da kake so, ka gode wa Allah ka ɗora zargen a samansa. Igiyar ta zagaye gangar itacen ne, reshen tokara kawai yake yi. Kada ka rataya talalarka a reshe shi kaɗai.

Mataki na 2: Ɗaura zargen

Kana hawa da ɗamarar hawa, irin wadda ma'aikatan lantarki ke zagaya turken wuta da ita. Ba ka kwance ta har sai an gama duk abin da ke tafe.

Da ka tsaya a dandamali, ka zagaya itace da talala daidai tsakanin haɓarka da goshinka. Kowa da inda ya fi masa daɗi, amma wanda ya kai ta can sama inda sai ya yi ɗage, ba zai iya ɗame ta yadda ya kamata ba, kuma ba ya ganin abin da take ciki. Ka tabbata zoben ya kwanta a miƙe, bayansa bai zazzago ƙasa da gabansa ba. Miƙa hannu bayan itacen ka laluba. Sau da yawa gaba yana daidai goshi, baya yana daidai kafaɗa, sai ka jingina zoben ya daidaita kansa, ka ɗauka zamewa ce.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: zarge yana da gefen matsewa da gefen saki. Dubi inda bakin igiyar ya fito daga bayan itace kafin ya shiga hanci. A ce ta hannun damanka ya fito. Idan ka ja igiyar zuwa dama, ta lanƙwaso ke nan ta koma kan kanta, tana jan hancin, zoben yana ƙara shaƙe itacen. Idan ka ja ta zuwa hagu, ta ci gaba ke nan da tafiyar da take yi, hancin ba ya jin komai, sai zoben ya saki ya fara juyawa. Wannan shi ya sa wani zai ce maka igiyarsa lafiya lau take har sai ya zagaya itace ta wani gefe.

Amfanin sanin haka biyu ne. Ɗaya, ka yi tunanin gefen da za ka fi lilo zuwa gare shi, wato inda kake sa ran nama zai ɓullo, ka sa bakin igiyar ya fito ta wannan gefen. Biyu, kada ka ajiye hancin daidai tsakiyar fuskarka. Gusa shi kaɗan zuwa ɗaya gefen. Idan igiyar ta fito ta dama, hanci ya ɗan koma hagu. Ta haka ko kana zaune a tsakiya, igiyar tana ɗan lanƙwashe a kan hancin, tana matsa.

Sai ɗamewa. Riƙe hancin da hannu ɗaya, ka ja wutsiyar da ɗayan zuwa gefen matsewa, da ƙarfi, ka girgiza ta sama da ƙasa kaɗan don ta shige cikin tsagin ɓawo. Sannan ka maƙala ƙugiya, ka murɗa makullinta, ka duba da ido. Ka janye duk wani sako-sako. Daga nan ka sassauta ɗamarar hawa kaɗan kaɗan, kana zuba nauyinka a talala, har ɗamarar ta yi laushi amma tana nan a ɗaure. Ka zauna sosai, ka ɗan girgiza jiki, ka dubi zarge, ka dubi ƙulli. In babu abin da ya motsa, sannan ka kwance ɗamarar.

Idan itacen mai santsi ne, yi naɗi biyu. Zagaya gangar sau biyu kafin ka zura bakin a hanci, naɗin na kwance gefe da gefe ba ɗaya a kan ɗaya ba. Riƙon igiya a jikin abu mai zagaye ba ƙaruwa kawai yake yi da kowane naɗi ba, ninkuwa yake yi. A ganina wannan shi ne magani mafi inganci a duk jerin, kuma ba ya cin ko sisin kwabo. Abin da yake ci shi ne tsawon igiya. Mai yawan hawa irin waɗannan itatuwa gara ya sayi talala mai ƙafa 10 ko fiye ya huta.

Mataki na 3: Abin da zai riƙe hancin idan ka miƙe

Ko ka ɗame zarge yaya, da zarar ka ɗauke nauyinka hancin zai so ya buɗe. Sabuwar igiya mai tauri ta fi yin haka, domin tana son komawa miƙe. Ga kuma nauyin ƙugiya da na'ura yana jan ta ƙasa. Dabarar ita ce ka sa wani ɗan abu a jikin igiyar daidai inda ta fito daga hanci, wanda zai hana ta komawa baya.

Mafarauta sun ƙirƙiro hanyoyi barkatai. Akwai masu zura robar dandaƙa, wannan 'yar zoben roba da ake yi wa ƙananan dabbobi fiɗiya da ita, a jikin igiyar, in sun ɗame sai su tura ta ta tokare hancin. Akwai masu naɗa waya mai rigar roba, irin ta kamfanin Nite Ize, su haɗe hancin da igiyar. Akwai masu ɗaura wani ɗan ƙaramin ƙullin Prusik, wanda bayaninsa ke tafe a Mataki na 4, da siririn zare mai ƙwari, su tura shi ya danne hancin. Wasu kamfanonin ma suna sayar da ɗan abin roba da aka yi musamman don wannan aikin. Ni ƙaramin ƙullin na fi so, domin sanyi ba ya busar da shi ya tsinke kamar roba, ba ya ƙara, kuma ana iya tura shi da yatsa ko da safar hannu. Sharaɗinsa dai ya fi ƙarfin ramin hancin, ko a maƙala masa ɗan abin da zai gitta, in ba haka ba zai shige ciki ne ya bi igiyar.

Duk waɗannan masu riƙe wuri ne, ba masu riƙe rai ba. Aikinsu kada zoben ya buɗe. Ba a rataya komai a jikinsu, kuma kada ka sa wanda yake da kaifi ko haƙoran da za su ci rigar igiya.

Wani zai ce me zai hana a murɗa ƙusa ko ƙugiyar rataye baka a ƙarƙashin zargen. Tana aiki, amma a filayen gwamnati na jihohi da dama doka ta hana huda itace. A gonar mutum kuwa sai da izininsa. Maɗaurin rataye kaya da ake zagaya itace da shi yana yin wannan aikin idan ka ɗaura shi dab da ƙasan zargen, ba tare da ka ji wa itacen ciwo ba.

Mataki na 4: Ƙullin da ke riƙe ka

Nan ne ya kamata a daɗe, domin zamewar ƙulli ita ce mai faruwa kana rataye.

Ƙullin da aka fi sani shi ne na Prusik, wanda ya ɗauki sunan Karl Prusik, wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya da ya fito da shi a 1931. 'Yar igiya ce da aka haɗe bakinta biyu ta zama zobe, a naɗa ta a jikin babbar igiya sau uku tana bi ta cikin kanta. In ka ja, ta ciji. In ka saki, a tura ta da hannu. Akwai 'yan uwansa irin su Distel da Schwabisch, waɗanda suka fi sauƙin sassautawa bayan sun ɗauki nauyi. Duk ƙa'idarsu ɗaya ce, kuma dalilan zamewarsu ɗaya ne.

Babban dalili shi ne kauri. Dole 'yar igiyar ta fi uwar siranta, kamar kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na kaurinta. Talala mai milimita 11 tana tafiya da 'yar igiya mai milimita 7 ko 8. Talala mai milimita 8, irin Oplux ta kamfanin Sterling da ake yayi saboda rashin nauyi, tana son mai milimita 5.5 zuwa 6. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya canza daga igiya mai kauri zuwa siririya, ya ɗauko tsohon ƙullinsa ya mayar a kai. Kauri ya zo ɗaya, ƙullin ba zai iya lanƙwasawa ya rungumi igiyar ba, sai ya riƙa bin ta. Idan kuma 'yar igiyar ta yi siriri da yawa, za ta ciji har ka kasa motsa ta, ga ƙarfinta ya ragu.

Na biyu, yawan naɗi. Uku ne aka saba. In ukun ba su riƙe ba, ƙara na huɗu. Mai jiki, mai sabuwar igiya, da mai farauta a cikin ruwa duk sukan buƙaci haka. Amma in ka kai biyar yana tafiya, ba naɗi ba ne matsalarka, igiyoyin ne ba su dace da juna ba.

Na uku, gyaran ƙulli. Naɗin Prusik su kwanta a jere, uku a sama uku a ƙasa, ba wanda ya hau wani, ƙafafun biyu su fito daga tsakiya. Mahaɗin zoben kada ya faɗo cikin naɗin, kada kuma ya zauna daidai inda ƙugiya take. Ƙullin da ya kwana a jaka yakan tashi a hargitse. Kowace safiya ka bi shi da yatsa ka daidaita, ka ja shi ya kama kafin ka ba shi nauyinka. Haka kuma duk lokacin da ka tura shi sama ko ƙasa ka sassauta shi ke nan, sai ka sake jan sa da hannu ya ciji kafin ka jingina.

Na huɗu, abin da aka yi igiyar da shi. Zaren Dyneema, wanda ake sayarwa da sunan Amsteel kuma ake yawan yin igiyar gaban sirdi da shi, yana da ƙarfi ƙwarai amma santsi ne da shi, kuma yana narkewa a zafin da bai kai digiri 150 a ma'aunin Salsiyas ba. Ƙullin da ya zame da gudu yana haifar da zafi. Don haka ba a ɗauko ragowar Amsteel a yi ƙullin talala da ita sai in mai kayan ne ya ƙera su tare ya gwada. 'Yar igiyar da aka yi don wannan aikin, ta nailan ko mai rigar Technora mai jure zafi, ita ake nema. Igiyar shanya ko ta ɗaure kaya daga shagon kayan gini ba ta cikin lissafi, ko da ta yi kama a ido.

Sai wani abu da ba na igiya ba, na hannu. Mutum in ya ji yana zamewa, abin da ya fi kusa da shi yake cafka, wato ƙullin. Cafkar ƙullin kuwa ita ce hanyar sakinsa. Wanda ya damƙe Prusik a tsorace zai tafi da shi har ƙarshen igiya. Ka koya wa hannunka tun a ƙasa: in abu ya motsa, saki ƙulli. In dole sai ka riƙe wani abu, riƙe igiyar can sama da shi, ko itacen.

Idan na'ura kake amfani da ita

Da yawa sun bar ƙulli sun koma ƙananan na'urorin masu hawan dutse, irin Ropeman ta kamfanin Wild Country da Duck ta kamfanin Kong, saboda da hannu ɗaya ake gyara tsawo. Kowace an rubuta kaurin igiyar da take ɗauka a jikinta. Ropeman 1 daga milimita 10 zuwa 13 ne. Duck daga 8 zuwa 13. Wanda ya sa Ropeman 1 a igiya mai milimita 8 ya fita daga abin da masu ita suka amince, ko da ya ga tana kamawa a tsakar gida.

Ka duba ka sa ta daidai, ba a juye ba, akwai zane a jikinta. Ka duba laka ko ɓawo ko ƙanƙara ba su cushe haƙoranta ba, kuma harshenta yana komawa da kansa. Ƙugiyar da ta dace da ita mai zagayayyen jiki ce wadda ke juyawa a ramin ba tare da ta cije ba. Ka kuma lura kada madaurin jaka ko igiyar madubin hangen nesa ya maƙale a wayar da ake ja a buɗe ta.

Abin da ya fi komai: waɗannan na'urori ba a yi su don tare faɗuwa ba. Suna riƙe nauyin da aka ɗora a hankali. In mutum ya faɗo a kansu da igiya sako-sako, suna iya yage rigar igiyar. Ƙulli yakan ɗan zame ya rage ƙarfin fizgar, na'ura ba ta da wannan sassaucin.

Mataki na 5: Ƙullin ƙarshe

A wutsiyar talala dole a sami ƙullin da zai tare komai idan ya zo wucewa. Ƙulli mai naɗi biyu, a ɗame shi sosai, a bar masa wutsiya kamar faɗin tafin hannu. Kada ka kwance shi don ya ƙi shiga hanci da sauƙi. Gara ka sha wahalar zurawa.

Wanda ya fi wannan shi ne ka lanƙwasa igiyar kaɗan a ƙasan ƙullinka ko na'urarka, ka yi ƙulli mai siffar 8 da hanci, ka maƙala shi a cikin ƙugiyar. Yanzu ko ƙullin ya saki gaba ɗaya, tafiyarka ba ta wuce tsawon wannan ɗan lanƙwason ba. Yana kuma kawar da wutsiyar daga lilo a gaban gwiwarka. Ka dai duba ƙugiyar tana ɗaukar nauyi ta tsawonta. An rubuta ƙarfinta a jikinta da ma'aunin ƙarfin ja da ake kira kilonyutan: ta tsawo yakan kai kilonyutan 20 ko fiye, ta faɗi kuwa kamar 7 ne kawai.

Mataki na 6: Zaman sama

Igiyar talala ba ta da roba a jikinta. Ba kamar ta masu hawan dutse ba ce da ke miƙewa ta shanye fizga. Faɗuwar taku ɗaya ko biyu a kanta tana iya ji wa baya da ƙugu ciwo, ta kuma gwada ƙarfin kayan fiye da yadda aka yi su. Shi ya sa zargen da ya sulalo ba abin haushi ba ne kawai. Duk tazarar da ya sauko, tazarar faɗuwa ce ya ƙara maka.

Ka lura da lokutan da kake ɗauke nauyi: jawo baka daga ƙasa, sa rigar sanyi, juyawa don harbi ta gefen da bai dace da hannunka ba, miƙewa don ƙafa ta yi sanyi. A duk waɗannan, yayin da kake miƙewa ka riƙa janye igiyar tana gajarta, ta kasance a miƙe ko kana tsaye cak. In za ka koma jingine, ka ɗora hannu a itace ka zauna a hankali, kada ka faɗa baya kamar mai faɗawa kan katifa. Kafin ka zauna ɗaga ido ka dubi zarge. Daƙiƙa ɗaya ce.

Kada ƙugunka ya taɓa hawa sama da inda zargen yake.

In ka waiga ka tarar ya riga ya sauko, kada ka fizge shi, kada kuma ka kwance ƙugiya don ka gyara. Tsaya cak, ka rungumi itace da hannu ɗaya, ka mayar da ɗamarar hawa, ka ba ta nauyinka. Sannan ka sassauta zargen ka mayar da shi wurinsa, ka sake duk abin da ke Mataki na 2. Ko barewa tana tsaye a gabanka ne, haka za ka yi.

Ruwa, ƙanƙara da datti

A Michigan ana buɗe farautar baka ranar 1 ga Oktoba, kuma lokacin da namun suka fi yawo, cikin Nuwamba, sanyi ya riga ya sauka. Jiƙaƙƙiyar igiya da ta kwana a mota takan daskare, ƙulli ba ya cizon ƙanƙara, haƙoran na'ura ma haka. Shigar da kayanka ɗaki su bushe a inuwa, nesa da murhu. In itacen ne ƙanƙara ta lulluɓe, kankare wurin zargen har ka ga ɓawo, ka yi naɗi biyu. In duk gangar ta zama gilashi, ranar ta farautar ƙasa ce.

Ƙaron itatuwan pine yana manne wa igiya, ya kwashi ƙasa, ya bushe ya yi tauri, sai ƙulli ya riƙa cijewa a wani wuri yana zamewa a wani. Wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, ka ɗauraye sosai. Kada ka ajiye ta kusa da batirin mota ko fetur, domin ruwan batir yana cin nailan ba tare da ido ya gani ba.

Kafin kowace fita ka bi talalar da yatsu daga hanci zuwa wutsiya. Wurin da ya yi ƙyalli ya yi tauri, zafi ne ya narka shi. Wurin da ya yi laushi ko ya lotsa, cikin igiyar ne ya samu rauni. Ka dubi ɗinkin hancin, ka dubi daidai inda igiya ke gogar hanci, nan ne ya fi saurin ci. 'Yar igiyar ƙulli takan riga uwar mutuwa, kuma ba ta da tsada, canza ta da zarar ta fara sheƙi. Talalar da ta taɓa tare faɗuwa ta gaske a yanka ta gunduwa-gunduwa, don kada wani ya tsince ta ya hau da ita.

Duk sabon haɗi, sabuwar igiya ce ko sabon ƙulli ko sabuwar na'ura, a fara gwada shi da dandamali a tsayin gwiwa. Ka jingina, ka miƙe, ka zagaya dama, ka zagaya hagu, ka zuba wa igiyar ruwa ka sake, da safar hannun da za ka sa ranar farauta.